Amarya a Layin Masu Jego

"Solenn, wa kika bar wa jaririn yau?"

Madam Kervella ce ta jefo tambayar tana yanka naman rago, ko ɗago kai ba ta yi ba.

'Yata tana tsaye a bakin ƙofar ɗakin cin abinci, fitowarta ke nan daga bayi karo na huɗu tun da muka zauna. Hannunta yana kan mariƙin ƙofa. Ina kallo fuskarta ta yi fari fat.

"Wane jariri, Madam?"

"Naki mana. Ko akwai wani?"

Saura sati uku ɗaurin aure. Ranar Lahadi ce, daga coci uwar ango ta ce mu wuce gidanta mu ci abincin rana, a ƙarasa tsara wanda zai zauna kusa da wane ranar biki. Mu biyar ne a teburin. Ni, da Solenn, da angonta Malo, da uwarsa Madam Kervella, sai Katell mai ba da waƙa a coci, wadda ita ce za ta yi waƙar bikin. Kowa a garin nan ya san tun suna 'yan makaranta Katell take son Malo. Shi kaɗai ne bai sani ba.

Malo ya ajiye cokalinsa a hankali.

"Mama, wace irin magana ce wannan?"

"Ga ta nan tsaye, tambaye ta. Tambaye ta abin da take yi duk Alhamis ƙarfe biyu a gida mai koriyar ƙofa, bayan kantin magani."



Babu macen da ba ta san gidan nan ba. Wajen Madam Prigent ne, likitar gashin jiki. Duk wadda ta haihu, in ta yi wata biyu sai a rubuta mata zuwa goma a can, a gyara mata tsokar ƙasan mara da haihuwa ta saki. Masu jego ne suke shiga ƙofar, da kekunan jarirai jere a bakin hanya. Budurwa ba ta da abin yi a can. Haka kowa ya ɗauka.

Katell ta sunkuyar da kai, tana juya zoben hannunta.

"Ni fa ban so na yi magana ba... Yayata nake rakawa na riƙe mata jariri. Sau uku ina ganinta. Na ɗauka Malo ya sani, shi ya sa na tambayi Madam..."

Na ce mata, "Sannu da ƙoƙari."

Madam Kervella ta ajiye wuƙa ta fuskanci 'yata.

"Bara ɗana yana teku wata shida a jirgin kamun kifi, ke kuma kika ɓace wata bakwai, wai kina jinyar gwaggonki a Rennes. Kafin ki tafi kin daina sa wando, sai burma-burman riguna. Kin daina kofi, kin daina giyar tuffa. Ana tsakiyar sujada ki tashi sau biyu ki nufi bayi. Kin dawo kuma sai ga ki a layin masu jego." Ta juyo kaina. "Maryvonne, huɗu na haifa. Kar ku mai da ni yarinya."

Na buɗe baki zan yi magana.

"Mama, kar ki..." in ji Solenn, muryarta kamar ta mai shirin suma.

Malo ya miƙe ya matso kusa da ita.

"Solenn, kalle ni. Zuciyata, kalle ni mana. Kina zuwa gidan?"

"Ina zuwa."

"Me kike yi a can?"

Ta kau da kai.

"Kalma ɗaya nake so. Ki ce ƙarya ne, in rufe maganar nan har abada."

Ta kalle shi. Sai ta zari rigar sanyinta ta fita da gudu.

Babu wani jariri. Ciwon mafitsara ne.

Shekara biyu ke nan da ya kama ta. Da farko mun ɗauka ciwon sanyi ne irin na kowa, aka ba ta ƙwayoyi, ta shanye, bai tafi ba. Aka sake, aka kuma sakewa. A gwada fitsarin a ce babu ƙwayar cuta ko ɗaya, ita kuwa tana durƙushe a ƙasan bayi ta rungume mara, tana cewa kamar an zuba mata garwashi. Sau talatin a wuni tana zagayawa. Wando in ya ɗan matse ta sai hawaye. Kofi, giyar tuffa, lemo, tumatir, duk suna tayar mata da shi. Dole ta bar aikinta na kicin ɗin makarantar yara, muka tura ta birnin Rennes gidan gwaggonta don babban asibiti yana kusa.

Ƙaryar jinyar gwaggo kuwa ni na ƙirƙiro ta. Allah ya yafe mini. Ni na ce wa zai tsaya a bakin coci yana bayanin mafitsarar 'yarsa?

Akwai kuma wani laifin nawa. Da na ga tana yawan zagayawa sai na ce tsokar ce ta saki, na koya mata abin da aka koya mini bayan na haife ta. Ki matse, ki riƙe, ki ƙirga goma, ki saki. Sau ɗari a rana. Tana wanke-wanke ina cewa, "Kina matsewa kuwa?" Wata takwas tana yi, ciwo yana ƙaruwa, ni ina cewa ba ta dagewa ne.

Ranar farko da asibiti ya tura mu wajen Madam Prigent, ta duba ta, ta fito ta cire safar hannu ta kalle ni.

"Wa ya ce ta riƙa matsewa?"

Na ce, "Ni ce. Haka aka koya mana."

"Ku an koya muku ne don taku ta saki. Tata a ɗaure take tamau, tsoron ciwo ya ƙulle ta, ita kuma ƙullewar tana ƙara hura ciwon. Daga yau ba matsewa. Saki za mu koya mata."

Ranar na daɗe a coci a durƙushe.

To daga nan ne aka fara ganin sauƙi. Duk Alhamis za ta kwanta a rufe ta da zani, Madam Prigent ta koya mata jan numfashi har ƙasan ciki, sannan in ta yarda ta sa safa ta danna wuraren da suka ƙulle daga ciki, a hankali a hankali, tana tambayarta ko ta tsaya. Zuwa bakwai ta yi, sau talatin ɗin nan ya dawo sha biyar. Har ta fara dariya a gidan nan.

Sai ga wannan Lahadin.

A gida na same ta ta naɗe a kan gado, ta ɗora robar ruwan zafi a mara. Na tsaya a kanta da rigar cocina a jiki.

"Tashi mu koma. Takardun asibiti suna cikin durowa, mu zube wa Armelle Kervella su a kan teburinta ta karanta da idonta."

"A'a."

"A'a kamar yaya? Garin nan gaba ɗaya zai ce kin haifi ɗan wani kin ɓoye."

"Su faɗa."

"Solenn, kina cikin hankalinki?"

Ta juyo, idanunta sun kumbura.

"Gara su ce na haihu, Mama. Wadda ta haihu ai lafiyayyar mace ce."

Na zauna a bakin gadon.

"Shekara uku yana jirana," ta ce. "Mun yi wa Ubangiji alkawari sai bayan aure, kuma bai taɓa matsa mini ba. Yana ƙirga kwanaki, Mama, har a waya yake turo mini, saura kaza, saura kaza... Ni kuma duk kwanan da ya ragu sai tsorona ya ƙaru. Yatsan likita kaɗai, da safa da mai, sai da na yi zuwa huɗu kafin na daina kuka. To ina ga..."

Ta rufe fuskarta da hannu.

"Ai ana samun sauƙi, 'yar nan. Da bakinta Madam Prigent ta faɗa."

"Sauƙi ta ce, ba ta ce warkewa ba. In na gaya masa zai aure ni don tausayi, na san shi. Shekara ɗaya, biyu, sai ya fara kwana a jirgi ko ba aiki. Gara ya tsane ni yau gaba ɗaya."

Ta ciro gicciyen wuyana daga cikin riga, ta danƙa mini shi a tafin hannu, ta rufe hannun da nata.

"Ki rantse. Ba za ki ce masa komai ba. Ko e, ko a'a."

"Kar ki sa ni wannan."

"Mama, in kin faɗa ba za ki ƙara ganina a garin nan ba."

Na kalli idonta na ga da gaske take. Na rantse.

Litinin ciwo ya dawo sabo fil, kamar ba a taɓa yin wani gashi ba. Wayarta tana ta ƙara, sunan Malo yana fitowa, ta kife ta a ƙarƙashin matashi. A masana'antar gwangwanin kifi inda nake aiki, ina shiga ɗakin canza kaya mata suka yi tsit. Da yamma Fada ya kira ni, yana ta kame-kame, wai Madam Kervella ta zo ta ce a dakata da sanarwar auren, ko akwai abin da ya kamata ya sani?

Na ce, "Fada, ka sa mu a addu'a kawai."

Talata na tashi daga aiki na tarar da Malo a bakin get, ya jingina da mota. Bai yi aski ba, idonsa ja.

"Madam Maryvonne, don Allah minti ɗaya."

"Ina sauri, Malo."

"Ba ta ɗaukar wayata. Na zo gida ta ƙi buɗewa. Ke uwa ce, ba za ki yi mini ƙarya ba. Gaskiya ne?"

"Na yi rantsuwa, ɗana. Ba zan ce komai ba."

Ina faɗa na gane ɓarnar da na yi. Wa yake rantsuwa a kan abin da babu? Na ga fuskarsa ta canza, ya dafa motar da hannu biyu.

"Namiji ne ko mace?"

 Gicciyen kamar yana ƙona mini ƙirji. Na wuce shi ban waiwaya ba, ina tafe ina karanta addu'ar Maryamu, ina ɓata ta ina sakewa.

Laraba ko kira ɗaya bai yi ba. Wannan shirun ya fi ƙarar wayar tayar mana da hankali. Solenn ta ciro rigar auren daga kabad ta mayar da ita cikin kwalinta, ta tura ƙarƙashin gado.

Ranar Alhamis ta ce ba za ta je ba.

"Za ki je," na ce. "Aure daban, lafiya daban. Ko Malo ya tafi, marar nan taki ce, da ita za ki zauna. Sa takalmi."

"Kowa zai kalle ni."

"Su kalla har idonsu ya gaji. Sa takalmi na ce."

Ana yayyafi muka isa. Na tura koriyar ƙofar, muka ratsa kekunan jarirai, muka shiga ɗakin jira. Mata uku ne zaune, ɗaya tana shayarwa. A ƙarshen layin, a kan 'yar kujerar da ta yi masa kaɗan, ga Malo. Ya yi wanka, ya sa farar rigar da yake zuwa coci da ita, hularsa a kan gwiwa.

Solenn ta damƙi hannuna har sai da farcenta ya shige ni.

"Mama... Mama, mu juya..."

Ya miƙe. Bai damu da matan da suka zuba masa ido ba.

"Solenn, tsaya ki ji ni. Kwana huɗu ban runtsa ba. Na yi fushi, na so na fasa komai, har na je bakin teku zan jefa zoben. Na kasa."  "Jiya na je ofishin magajin gari na tambayi yadda mutum yake sa wa yaro sunansa. Ba zan tambaye ki uban ba, ko yau ko gobe. Ki ɗauko shi daga inda yake. Ɗakin baya na gidanmu yana samun rana, zan yi masa fenti."

Mai shayarwar ta toshe bakinta da hannu.

Solenn ta yi wani irin sauti, ba kuka ba, ba dariya ba. Na riƙe ta.

Ƙofar ciki ta buɗe, Madam Prigent ta leƙo. Gajeriyar mace ce mai furfura, ba ta da yawan magana. Ta kalli Malo, ta kalli 'yata.

"Ba a nan ba. Solenn, kina so ya shigo?"

Ta gyaɗa kai.

"Mama, kar ki sake ni."

Haka muka shiga mu uku.

Ta zauna a bakin gadon gashi, ni a gefenta. Malo ya tsaya a jikin bango kamar wanda aka kawo kotu.

"Babu jariri, Malo."

"Ban gane ba."

"Ban taɓa haihuwa ba. Ban taɓa sanin kowa ba. Ba ni da lafiya ne... shekara biyu ke nan."

Ya yi fari kamar takarda. Hular ta faɗi daga hannunsa.

"Daji ne?" Ya juya wajen Madam Prigent. "Likita, ciwon daji ne? Mutuwa za ta yi?"

"Ba daji ba ne, kuma ba ya kisa," in ji ta. "Solenn, in yi masa bayani?"

"Yi masa."

"Miƙo hannunka, saurayi. Dunƙule shi. Da ƙarfi, kamar kana jan igiyar koma. Yauwa. Kar ka buɗe sai na ce."

Ya dunƙule. Ita kuma ta ɗauko ƙugun roba da take koyarwa da shi, ta nuna masa inda mafitsara take, da shimfiɗar tsokar da take tallafe da ita daga ƙasa. Ta gaya masa yadda ciwo yake sa tsokar ta ƙulle, ita kuma ƙullewar ta ƙara ciwon, su yi ta bin juna. Ba ta yi sauri ba. Ina kallon hannunsa, jijiyoyi sun tashi, ya fara kakkarwa.

"Yaya hannun?"

"Yana zafi."

"Minti uku ke nan. Ita shekara biyu. Buɗe."

Ya buɗe da ƙyar, yatsun suka ƙi miƙewa. Ya tsaya yana kallonsu.

"Sauran ba nawa ba ne," in ji Madam Prigent, ta koma gefe tana gyara tawul.

Solenn ta ƙura wa ƙasa ido. 

"Ko taɓa wurin aka yi, ji nake kamar wuƙa. Malo... ban sani ba ko zan iya zame maka mata. Daren auren da kake ƙirgawa... ba zan iya ba. Watakila wata uku, watakila shekara. Watakila..." Ta ja numfashi. "Ban sani ba. Ba wanda ya sani."

Muna jin kukan jaririn waje.

"Haihuwa fa?" ya tambaya a hankali.

"Mahaifarta lafiya lau," in ji Madam Prigent. "Yawancin matan da nake gani masu irin wannan suna samun sauƙi sosai, suna zaman aurensu. Amma ba zan sa maka rana ba. Duk wanda ya sa maka rana ƙarya yake."

Malo ya sunkuya ya ɗauki hularsa. Da ya ɗago, ba tausayi na gani a fuskarsa ba, fushi na gani.

"Wato kin gwammace na ɗauke ki mayaudariya, mai ɗan wani a ɓoye, da ki ce mini Malo ina ciwo?"

"Na ji tsoro..."

"Tsorona? Ni? Kina durƙushe kina kuka a Rennes, ni ina teku ina turo miki hoton kifi kamar sakarai, kina rubuto mini gwaggo ta ji sauƙi?"

"Malo, don Allah..."

"Kwana huɗu kika bar ni ina zana fuskar mutumin da babu shi."

Ya buɗe ƙofa ya fita. Ta taga na ga ya shiga mota, ya ja ta da ƙarfi har ruwa ya fantsama a bango.

Solenn ba ta yi kuka ba. Da ma kukan ta yi.

"Kin gani ko, Mama?" ta ce da wata siririyar murya. "Jariri ya iya ɗauka. Wannan ne bai iya ba."

Na kama hannunta. 

"Kwanta," in ji Madam Prigent. "Yau ba zan taɓa ki ba, jikinki ba zai yarda ba. Numfashi kawai za mu yi."

Ta ɗora mata ɗumi a mara, ta sa hannunta a kan nata, tana cewa ja, riƙe, saki. Ni ina kusurwa ina jan carbi a cikin aljihu. Duk motar da ta wuce sai na kalli taga. Ina ta tunanin yadda zan buga wa mutum tamanin waya in ce an fasa, da kuma yadda zan riƙa kwana a bakin ƙofar ɗakinta don kar ta yi wa kanta wani abu. Wannan na biyun ne ya fi cina.

Minti arba'in aka yi, muka fito.

Yana zaune a kujerar ɗazu, rigarsa ta jiƙe. A kusa da shi ga Madam Kervella, da atamfar kicin a ɗaure a ƙugunta, da silifas na cikin gida. Da gani daga kan murhu ya ɗauko ta.

Solenn ta tsaya cak.

Ya miƙe ya zo gabanta, ya rage murya.

"Ban gaya mata komai ba, sirrinki ne. Abu biyu kawai na ce mata. Babu jariri, kuma aure yana nan. Na ce ta zo ta maimaita maganar ranar Lahadi a gabanki in tana iyawa."

"Aure yana... Malo, ba ka ji abin da na ce ba ne?"

"Na ji sarai. Ban huce ba, Solenn, zan daɗe ban huce ba. Amma ban fasa ba."

"Tausayina kake ji."

"Tausayi? Haushinki nake ji kamar in yi ihu. Wa yake jin haushin wanda yake tausayi?" Ya kama yatsunta a hankali, kamar mai tsoron su karye. "Ke nake ƙirgawa, rabin raina, ba dare ba. In dawo daga teku in tarar da ke a gida, ki yi mini tsiya a kan warin kifi. Sauran in ya zo, ya zo. Ni ma tsoro nake ji, ban san komai a kan abin nan ba. Sai ki koya mini. Amma kar ki ƙara yanke mini hukunci ba ki tambaye ni ba."

Sai a lokacin kukan ya zo mata. Ta kifa kai a ƙirjinsa, shi kuma ya rasa inda zai sa hannunsa, ya kalle ni.

Na ce, "Kafaɗa ba ta ciwo. Riƙe ta."

Madam Kervella ta taso, tana murza atamfarta. Ba macen da ta saba ba da haƙuri ba ce, tun muna aji ɗaya na san ta.

"Ciwo ne?" ta tambayi Solenn.

"Ciwo ne, Madam."

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"Kuma kika zauna mini a kan kujerar katako awa biyu kina cewa naman ya yi daɗi." Ta juyo kaina, idonta ya kawo ruwa. "Maryvonne, me ya hana ki faɗa?"

"Ke da ke ce, Armelle, da kin faɗa?"

Ta goge idonta da atamfar. Can ta ce, "Zan kira Fada da kaina." Ta kalli ƙafarta. "Wani ya mayar da ni gida, na bar miya a wuta."

An ɗaura auren a ranar da aka sa. Fada ya gajarta wa'azi ba tare da ya tambayi dalili ba. Katell ta yi waƙarta, idonta a kan takarda tun daga farko har ƙarshe. Muryar dai Allah ya ba ta, ba zan ce ba ta iya ba. Mutane sun ci, sun yi rawa, ni kuwa loma biyu na iya haɗiyewa. Da suka shiga mota za su tafi, Solenn ta waiwayo ta kalle ni ta gilashi, na ga tsoron nan yana nan a idonta bai je ko'ina ba.

Washegari tun ƙarfe bakwai na kwaɓa ƙullun krep, siririyar wainar fulawar nan, don hannuna ya sami abin yi. Takwas, tara, babu waya. Na ɗauki tawa na ajiye ya fi sau goma.

Goma da 'yan mintoci na ji mota.

Solenn ce ta fara shigowa, da rigar sanyinsa a jikinta har gwiwa. Na tsaya da ludayi a hannu ina karantar fuskarta, ina karantar tafiyarta.

"Mama, daina kallona haka."

"Ni na ce wani abu?"

Ta matso ta raɗa mini, kunnenta ya yi ja.

"Babu abin da ya faru. Na fara rawar jiki, sai ya tashi ya dafa ruwa ya cika mini roba. Muka yi ta hira. Ya riga ni barci, ya bar ni da minshari."

"Ba na minshari," in ji Malo daga bakin ƙofa, yana cire takalmi.

"Kamar injin jirgi."

"Mama, kin ji irin matar da kika ba ni ko?"

"Kai ka ce ka ji ka gani," na ce. "Ku zauna, ku daina tsaya mini a ka."

Na juya wajen kasko don kar su ga idona. Krep ɗin farko ya ƙone ƙurmus. Malo ya miƙo faranti, ya shafa masa man shanu ya cinye.